Kurakuran da masu jitar bes ke yi wajen sayen amfilifayar wasa a mashayun Ingila

A kanti ake sayen amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita ƙarfin sauti, amma a mashaya ake kaɗa ta, kuma wuraren nan biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Kanti shiru ne, kai kaɗai kake taɓa tsirkiya, mai kanti na gefe yana gyaɗa kai. Mashaya kuwa, irin wadda mutanen Ingila ke kira pub, ɗaki ne mai gajeren rufi, mutum sittin ko tamanin na ta hira da ƙarfi, kofuna na ƙara, mai ganga na bayanka da taku biyu yana duka iya ƙarfinsa. Kusan duk kuskuren da na gani a wannan harka, har da waɗanda na yi da kaina, daga nan suke tasowa. Mutum ya zaɓi abin da ya yi masa daɗi a kanti, ya manta da ɗakin da zai shiga daren Juma'a.

Tun da aka yi dokar kiɗa ta 2012 a Ingila da Wales, mashaya mai lasisin sayar da giya na iya sa kiɗa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11 na dare ba tare da neman wani izini na daban ba, muddin 'yan kallo ba su wuce 200 ba, kuma a 2015 aka ɗaga adadin zuwa 500. Saboda haka mai mashaya na iya ture tebur biyu a lungu ya ce ga dandalinku. A irin wannan wuri, lasifikokin da ƙungiya ke zuwa da su yawanci na muryar mawaƙi ne kawai. Abin da ya fito daga akwatin sifikarka shi ne abin da na bakin ƙofa zai ji, ba mai ƙara maka.

Kuskuren farko shi ne auna kanka da mai jita. Za ka ga abokinka da 'yar amfilifaya mai wat 30 (wat shi ne ma'aunin ƙarfinta) tana cika ɗaki, sai ka ce kai ma wat 40 ta ishe ka. Ba za ta isa ba. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, ta jita kuwa sau 82, kuma idan bes ɗinka mai tsirkiya biyar ne, ta biyar ɗin tana sauka har wajen 31. Kunnen ɗan Adam bai cika kama sautin ƙasa irin wannan ba, sannan sifika sai ta tura iska mai yawa kafin ta fitar da shi. Masu wat 15, 25 ko 40 na koyo ne a ɗaki. Idan da mai ganga a ƙungiyarku, ka fara duba daga wat 200 zuwa sama. In mai gangar hannunsa da nauyi, 300 zuwa 500 ne zai ba ka kwanciyar hankali. Ba don ka ƙure ta ba. Amfilifayar da ke aiki a rabin ƙarfinta sautinta ya fi tsabta, kuma ta fi daɗewa.

Daga nan sai mutum ya faɗa ɗaya ramin, ya riƙa yi wa rogo kallon kitse, lambar wat kawai yake dubawa a jikin kwali. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne zai ji amma ba zai burge shi ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninku, sai an ninka wat wajen sau goma. Wato tsakanin mai 300 da mai 500 tazarar ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba.

Sannan lambar da aka rubuta da manyan baƙi tana da sharaɗi, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi rikicewa. Yawancin amfilifayoyin bes suna ba da cikakken ƙarfinsu ne idan sifikar da aka jona musu mai om 4 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar lantarki). Ka jona akwati ɗaya mai om 8, sai ƙarfin ya ragu. Markbass Little Mark, wadda ake yi wa laƙabi da wat 500, wat 300 take bayarwa a om 8. Fender Rumble 500, wadda ke da sifika a jikinta, ita kaɗai wat 350 ce, sai ka ƙara mata wani akwatin mai om 8 take kai 500. Wannan ba yaudara ba ce, a rubuce yake, mu ne ba ma karantawa. Lissafin ba wuya: akwati biyu masu om 8 idan aka haɗa su sun zama om 4, daidai ke nan. Akwati biyu masu om 4 kuwa sun zama om 2, kuma amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba za ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar waƙa, ko ta ƙone. Shawarata ga mai farawa ita ce ya sayi akwati mai om 8, domin ya bar wa kansa ƙofar ƙara na biyu nan gaba. Wanda ya fara da mai om 4 ya rufe wannan ƙofa.

Akwatin sifika shi ne abin da aka fi rainawa, alhali shi ke tura iskar. Na sha ganin mutum ya zuba duk kuɗinsa a kan amfilifaya mai tsada, ya ɗora ta a kan akwati mai sifika ɗaya 'yar inci 10, yana mamakin yadda ganga ta binne shi. Sifika biyu masu inci 10, ko biyu masu 12, ko ɗaya mai 15 mai kyau, su ne ma'aunin mashaya. Ƙara akwati na biyu ya fi sauya amfilifaya tasiri nesa ba kusa ba, ga shi kuma yana ɗago sautin ya zo kusa da kunnenka. Maganar da ake yawan yi cewa inci 15 ce kaɗai ke ba da sautin ƙasa ba lallai ba ce, ƙirar akwatin ce ke yanke hukunci.

Akwai kuma masu sayen abin da suka gani a bayan manyan makaɗa. Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 da wat 300, sautinta abin so ne, ba na musu. Amma ita kaɗai ta haura kilo 35, akwatinta mai sifika takwas ya haura kilo 60, har makaɗa na kiransa firij. Don manyan dandali aka yi ta. Kai kuwa za ka ajiye mota a titi na biyu, ka bi ta ƙofar baya, wani lokaci ka hau bene mai ƙunci, sannan ka sake sauko da kayan bayan ƙarfe 11 ga gajiya ga ruwan sama. Yanzu akwai amfilifayoyi irin waɗanda ake kira ajin D da ba su kai kilo 3 ba, Trace Elliot Elf ma mai wat 200 ba ta kai kilo ɗaya ba, ga akwatuna masu maganaɗisun niyodimiyam marasa nauyi. Kafin ka biya, ka ɗaga da hannu ɗaya ka yi taku ashirin, ka kuma auna but ɗin motarka.

Wani lokaci amfilifayar ba ta da laifi, saitin ne. A gida mutum kan ɗaga maɓallin sautin ƙasa da na sama, ya sauke na tsakiya, sai ya ji abin ya yi zurfi ya yi daɗi. Ka kai wannan saiti mashaya, sai ka zama gurnani kawai. Tagogi na rawa, amma ba mai iya bambance tsirkiyar da ka taɓa, kai kanka ba ka jin kanka, sai ka ƙara murya, mai jita ya ƙara, mawaƙi ya fara ihu. Sautin tsakiya, wato karkarwa wajen sau 400 zuwa 800 a daƙiƙa (Hz), shi ne ke ratsa ganga da jita ya isa kunne. Ka mayar da maɓallan duka tsakiya, ka rage na ƙasa kaɗan, ka ɗaga na tsakiya. Kai kaɗai za ka ji kamar ya bushe, amma da ƙungiya ta shigo za ka ji ya zauna. Inda ka ajiye akwatin ma da muhimmanci. Lungu na kumbura sautin ƙasa, dandalin katako mai rami a ciki ya fi lungu. Ka janye shi daga bango kaɗan, ka ɗora shi a kan kujera mai ƙarfi ko ka karkato shi ya kalli kanka, domin akwatin da ke ƙasa gwiwoyinka yake kaɗa wa. Lokacin gwaji ka sa doguwar waya ka fita tsakiyar ɗakin ka saurara. Ka tuna kuma wasu mashayun da ke cikin unguwa suna da na'urar da ke yanke wuta idan ƙara ta wuce iyaka, kuma sautin ƙasa ne ke ratsa bango ya kai ga maƙwabta.

Kada ka sayi wadda ba ta da mafitar DI, wato ramin nan mai fil uku da ake jan waya daga shi zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin ƙungiya duka. Ranar da ka samu wuri mai manyan lasifikoki da mai kula da sauti, shi zai fara tambaya. Kada kuma ka yi amfani da wayar jita wajen haɗa amfilifaya da akwati don kawai bakinsu iri ɗaya ne. Zarenta siriri ne, ba za ta ɗauki wutar ba, wayar sifika daban take. Idan taka mai ƙwai ce irin na tsohuwar rediyo, kada ka taɓa kunna ta babu akwati a jone.

Saura ta hannu. Amfilifayoyin Ashdown, Trace Elliot da Laney na cike a kasuwar kayan hannu ta Ingila da araha, kuma da yawa lafiyarsu ƙalau. Sayen kifi a ruwa ne matsalar. Ka je da jitarka, ka ɗaga murya sosai, ka kaɗa tsirkiya mafi kauri ka saurari ko takardar sifika na kakkaɓi, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka bar ta a kunne minti ashirin ka ga ko fankarta na juyawa. In za ka aika da ita gida wa wani ƙane da ke kiɗa a otal ko coci ko wurin biki a Jos ko Yamai, ka duba rubutun da ke bayanta kusa da ramin wuta. Wutar Ingila bolt 230 ce, ta yi daidai da ta Najeriya da Gana, ta kuma yi kusa da 220 ta Nijar. Wadda aka ƙera don Amurka kuwa 120 ce, kuma in ba ta da maɓallin sauyawa, jona ta kai tsaye zai ƙone ta nan take, sai da taransifoma mai rage wuta. Inda janareta za a yi amfani da shi, ka haɗa masa da sitabilaiza, ka kuma gaya masa ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna.