Yadda ɗalibi mara abin hawa zai riƙa yin cefane kuɗin mota bai cinye shi ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ɗalibin da ba shi da ko keke ya shiga wani hali, musamman na sabuwar Jami'ar Bayero (BUK) da ke can hanyar Gwarzo, manyan kasuwanni duk sun yi masa nisa ga shi an hana acaɓa a Kano tun 2013, sai dai adaidaita ko bas. Kuma in ka lura abin da ke ƙarar da kuɗin ɗalibi shi ne sayen tsinci-tsinci a shagon kusa da hostel, yau gwangwani biyu na shinkafa gobe man ƙulli, kafin wata ya raba aljihu ya bushe.

Abu na farko ka nemi abokan haɗaka, mutum huɗu ko biyar waɗanda ka yarda da su, 'yan ɗakinku ko 'yan ajinku. Kowa ya tura kuɗinsa ga mutum ɗaya, a rubuta a gurup ɗin WhatsApp wane ya ba da kaza yana son kaza, don maganar kuɗi ba ta son "ai na ɗauka". In kana cikin masu samun naira dubu 20 ta NELFUND, wato asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, to ku sa ranar kasuwa washegarin da alat ya shigo, in ka bari ya kwana uku wallahi data da kati za su ci rabi.

Sai ku raba lissafi gida biyu. Kayan wata, wato shinkafa, wake, garin kwaki, taliya, manja, man gyaɗa, magi, sukari, omo. Da kayan sati, su tumatir da attaruhu da alayyahu. Na farkon ne kawai ya cancanci a hau mota dominsa.

Yanzu ina za a je? Kayan kwali irin taliya da magi da sabulu, kasuwar Singa. Ku sayi kwali guda ku raba, shi ne ribar haɗakar. Hatsi kuma kowa zai ce maka Dawanau da ke hanyar Katsina, gaskiya ne akwai sauƙi, amma kasuwar buhu ce, in ba kun kai ku goma da za ku raba buhu ba ni ban ga amfanin wahalar ba, ku je Rimi a auna muku kwano-kwano ya fi muku. Ku tsaya a auna a gabanku, ku damƙi waken ku duba ko ya fara huda. Haka Yankaba, kayan miya sun fi araha a can amma ta yi nisa daga jami'a, abin da ka rage a tumatir mai adaidaita zai karɓe, gara ka taka da ƙafa wajen masu tebur na Rijiyar Zaki ko Danbare ka sayi na kwana uku.

Maganar mota kuwa, mutum biyu sun isa su je ba sai duk an ɗunguma ba, wata mai zuwa wasu biyun su karɓa. Tafiya ku hau ta haya tunda hannu rabbana kuke, dawowa ne za ku yi shatar adaidaita guda a raba kuɗin kan kowa har da waɗanda ba su je ba. Ku gama ciniki kafin a ɗora ko leda ɗaya, ku faɗa masa daidai inda zai sauke ku, bakin get ne ko ƙofar gida, don in kaya suka hau bakinka ya mutu. Ku fita da sassafe, ku riƙe 'yan canji na mai baro, kuma don Allah 'yan uwa mata ku yi ƙoƙari ku dawo kafin magariba.

Ajiya ita ce inda da yawa ke asara, tunda ba firij kuma wuta sai a hankali. Wake ki zuba shi a busasshiyar jarka ki jefa busasshen barkono ki toshe bakin sosai, shinkafa da gari a bokiti mai murfi saboda ɓera, albasa a baza ta inda iska ke shiga kar a bar ta cikin leda. Lokacin sanyi zuwa farkon bazara da tumatirin rani ke cika kasuwa ku sayi da ɗan yawa a yanka a shanya ya zama kauɗa, in damina ta zo ya yi tsada sai dai ki jiƙa ki markaɗa. Kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa kuwa ƙulli kaɗan zai kai ku ƙarshen zango, in kuna dawowa daga hutu ku roƙi Mama ta haɗo muku, da yaji da ƙuli in da hali.

Cefanen ƙarshe ku yi shi sati biyu kafin jarabawa, ku ƙara garin kwaki da taliya da kifi busasshe a lissafin, don in aka fara ba mai lokacin zuwa Singa.