Kurakuran da masu filaye ke yi kan hanyar wuta da ruwa a Abuja

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne zaton cewa takardar mallaka ta ba mutum ikon gina kowane taku na filinsa. Idan babban layin wuta ya ratsa ta gefen fili, akwai tazarar da doka ta keɓe masa: mita 50 ga layin 330kV (kV ma'aunin ƙarfin wutar layi ne), wato 25 a kowane ɓangare, da mita 30 ga na 132kV. Mutum zai ga wayoyin can sama, ƙasa kuma fayau, sai ya ɗora shaguna ko ya ja katanga, bayan shekara biyu ya wayi gari da jan fenti a bango, katafila na tafe. Ginin da aka yi cikin wannan tazara bayan an kafa layin ba ya samun diyya. Maganinsa shi ne a kawo safiyo mai rajista ya auna daga tsakiyar turken wutar kafin a biya kuɗi, ba bayan an zuba harsashi ba.

Abin da ke binne ya fi wannan yaudara, domin bututun ruwa da na dagwalo ba sa nuna kansu, dillali kuma ba zai ambace su ba. Duk wanda ya ga murfin siminti ko na ƙarfe a cikin fili, to ya dakata, ya bincika a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, ya kuma nemi amincewar sashen kula da gine-gine kafin ya haƙa ko da ramin masai.

Wasu kuma suna dogaro da takardar ƙaramar hukuma ko ta hakimi, musamman a wajajen Kuje da Bwari, alhali a babban birnin tarayya minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili.

Akwai kuma masu rufe ƙofa idan ma'aikatan wuta ko na ruwa sun zo gyara, ko su shuka mangwaro a ƙarƙashin waya. Filin naka ne, amma hanyar shiga tasu ce. Idan sabon aiki ne zai ratsa filinka, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanadi diyya kan gini da amfanin gona, don haka ka ɗauki hotunansu, ka ƙirga bishiyoyinka kafin masu kimantawa su iso.