Yadda za ka gwada aikin ƙaro a saman ruwa da kayan cikin gida

Jama'a duk wanda ya yi lise ya san malamin fizik ya taɓa rubuta mana tansiyon superfisiyel a tablo, munka hardace munka wuce ba tare da mun gani da ido ba. To abin nan ne da nike kira tsaurin saman ruwa, wato yadda ƙwayoyin ruwa ke jan juna har saman ya zama kamar wata ƴar fata, shi ya sa ƙwaro ke tafiya bisa ruwan gulbi da damina bai nutsewa. Ruwa mai tsabta tsaurinshi wajen miliniyuton (ma'aunin ƙarfin ja) 72 ne a kowane mita, in ka sa sabulu sai ya faɗo wajen 30. Amma ni ƙaro ya fi ɗaukar hankalina, don shi folima ne, ƙwayarshi babba ce mai tsawo da rassa ba kamar ta sabulu ba da take ƴar mitsila, kuma halinsu a saman ruwa ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Kayan ba su da tsada. Ƙaro na dakwara mai haske wanda ake saidawa a babbar kasuwa, sirinji sabuwa daga famasi ka cire allurar, kwabon dala ashirin, tire, garin masoro, man gyaɗa, kwalabe biyu masu marfi da ɗan omo. Ka daka ƙaron kamar cokali biyu ka jiƙa cikin rabin kofi na ruwa ya kwana, da safe ka tace da ƙyalle mai tsabta don ɓawon itace da yashi su fita.

Tsabta ita ce komi a nan wallahi. Karon farko da na gwada ma ƙannena abin ƙi ya yi, na barbaɗa masoro bisa ruwan tire ina ta taɓawa don ya watse amma ko motsi, ashe tiren da na ɗauko akwai sauran sabulu da maiƙon miya jikinshi, saman ruwan ya riga ya cika kafin in fara. Ka ɗauraye komi sau uku da ruwa zalla, kada yatsanka ya shiga ciki, kuma kada ka sa yajin tsire madadin masoro don akwai ƙuli-ƙuli cikinshi, mai ne.

Fara da kwabon. Ka aza shi a ƙasa mai daidai ka dinga ɗiga ruwa zalla sannu sannu, za ka ga ya taru ya yi tozo sama kamar zai fashe amma ya tsaya, yara na riƙe numfashi a wurin nan. Ka duba lambar jikin sirinji nawa ya tafi kafin ya zube, kada ka ƙirga ɗigo don ɗigon ruwan sabulu ya fi ƙanƙanta sai lissafi ya rikice maka. Ka goge kwabon ka sake da ruwan ƙaro, sannan ruwan omo daga ƙarshe. Na omo zai baje da wuri. Na ƙaro kuwa kusa yake da na ruwa zalla, kuma nan ne mutum zai ce ashe ƙaro bai aikin komi, to ba haka ba ne, bai samu lokaci ba ne kawai.

Ga abin da ke faruwa. Ƙwayar sabulu kai ɗaya gare ta mai son ruwa da wutsiya mai gudunshi, nan da nan take haurawa sama ta jera, haka kuma take saukowa in ta ga dama. Ka zuba ruwa a tire ka barbaɗa masoro, ka taɓa tsakiya da tsinken da ka tsoma cikin omo, kafin ƙiftawa duk ya watse zuwa baki, don tsaurin wurin ya ragu sai gefe ya ja. Folima ita nauyin jiki gare ta, sai ta yi iyo sannu ta kai sama, ta kwanta ta juya ta gyara zama, wani ɓangaren ya manne, wani ya lanƙwasa cikin ruwa kamar madauki, ƙarshenta na lilo ƙasa. Wannan na iya cin mintoci har awoyi. Amma in ta kama ta kama, don ba wuri ɗaya ta riƙe ba, kamar kabewa ce da ta yaɗu bisa darni, in ka ɓamɓare nan can na riƙe. A ƙaro ma ɗan furotin ɗin da ke ciki, wajen kashi 2 cikin ɗari, shi ke manne ma mai ko iska, sauran jikin mai kama da sukari ya tsaya cikin ruwa yana gadi.

Gwajin kwalba shi zai nuna maka wannan sarai. Kwalba ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan ƙaron nan mai kauri, kowace ka sa ƙaramin cokali na man gyaɗa ka rufe ka girgiza da ƙarfi minti ɗaya, ka aje su inuwa. Ta ruwa zalla kana tsaye man zai taru sama. Ta ƙaro za ta yi fari fari kamar an ɗiga nono ta daɗe haka, ko man ya taso sama za ka ga ƴan ƙananan ƙwallaye ne ba su haɗe ba, kowanne da rigarshi ta ƙaro. Dalilin ke nan kamfanonin lemon kwalba ke sayenshi, in ka ga E414 jikin kwali shi ne, kuma shi ya sa almajiri ke sa ƙaro a tawada don baƙin kada ya dunƙule ya kwanta.

Abu ɗaya kada ka rikita, kauri daban tsaurin sama daban. Yauƙin kuɓewa da na karkashi su ma folima ne amma yawancin aikinsu cikin ruwan ne, su ke sa shi ja kamar zare. Kuma ka yi duk gwajin da ruwa mai sanyi ɗaya, don zafi na rage tsaurin, ruwan randa da wanda ya sha rana cikin bido ba za su ba ka amsa ɗaya ba.

In akwai ɗiya mace a gidan ka ba ta sirinjin ta riƙe. Wata Bajamusa Agnes Pockels a madafarta wajen wanke-wanke ta fara auna tsaurin saman ruwa da ɗan kwanon gwangwani da ta haɗa da kanta, ba ta shiga jami'a ba, har anka buga aikinta a mujallar kimiyya ta Nature a 1891. Lokacin hunturu dai ku rufe tiren da faifai tsakanin gwaji da gwaji, ƙurar garin nan kaɗai ta isa ta ɓata saman ruwan.