Darasi na 9: Takardar awo ta gidan ƙaramar bindiga

A darasin da ya gabata mun ɗinka kuben wuƙa. Wuƙa abu ce shimfiɗaɗɗiya. Ka ɗora ta a kan fata, ka zagaye ta da fensir, ka ƙara ɗan fili, aiki ya tafi. Yau za mu ɗauki abin da ya fi haka wuya: gidan ƙaramar bindiga, irin wanda ɗan sanda ko jandarma yake ratayawa a ɗamara. A nan Yamai, baduku mai rumfa a Wadata ko a harabar gidan tarihi na Boubou Hama zai iya samun irin wannan aiki, domin gidan da aka ba ma'aikaci yakan tsufa, ɗinki ya warware, ko madauki, wato inda ɗamara take shiga, ya tsinke.

Ba za mu taɓa fata ba a wannan darasi sai a ƙarshe. Aikinmu na yau a kan takarda yake. Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta su a littafinku: awo, kwali, ninki, kauri, kunama, ɗamara, milimita.

Kafin a fara

Wanda ya kawo aikin ya zama mai izinin riƙe makami. Idan ba ka gamsu ba, ka ba shi haƙuri. Shi ne zai cire gidan harsashi da hannunsa, ya buɗe bindigar, ya nuna maka babu komai a ciki. Kada ka yarda da "ai babu komai" na baki. Ka gani da idonka. Harsashi ba ya zama a rumfa, yara ba sa zama kusa, kuma bindiga ba ta kwana a wurinka.

To yaya za ka yi aikin kwana uku da abin da ba zai kwana ba? Ga dabara. Ka zana siffarta a takarda, ka auna kaurinta, ka kai wa kafinta ya sassaƙa maka kwatankwacinta da katako. Da wannan katako za ka yi sauran aiki. Idan wani ya sake kawo irin wannan bindiga, katakonka yana nan a rataye.

Kayan aiki kaɗan ne: takarda mai kauri (ta buhun siminti tana yi, in an kakkaɓe ta), kwali, fensir, rula mai santimita, almakashi, basilla, da wani siririn yankin fata daga cikin wadda za ka yi aikin da ita, faɗinsa kamar yatsa. Wannan yanki kada ka raina shi. Za mu ga amfaninsa.

Ninki da mirginawa

Ka ninka takarda biyu, ka danne ninkin da farce, ka buɗe. Layin da ya fito a tsakiya shi ne gadon bayan aikin. Ka tsayar da bindigar a kan layin, samanta a ƙasa, mariƙinta yana kallon sama, ɗan tsinin saiti na gaba da na baya duka a kan layi. Yanzu ka mirgina ta a hankali zuwa gefe ɗaya har ta kwanta. Kada ka ɗaga ta, kada ka ja ta. Mirginawa kawai. Za ka ga ta ɗan nisanci layin ninki. Wannan tazara rabin kaurin samanta ne, kuma daidai ke nan.

Ka riƙe fensir a tsaye, ka zagaye ta. Idan fensir ya karkata ya shiga ƙarƙashinta, zanen zai yi ƙarami.

A nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗuwa. Abin da ka zana inuwar bindiga ce. Inuwa ba ta da kauri, bindiga kuwa tana da shi. Fata za ta taso daga ƙasa, ta hau kan ƙarfe, ta sauka a ɗaya gefen kafin ta haɗu da ƴar'uwarta a ɗinka su. Wanda ya yi ɗinki a kan layin inuwa ya ɗinka gidan da ko hancin bindigar ba zai shiga ba.

Na taɓa jin wani dattijon baduku yana gyara wa yaronsa wannan kuskure. Yaron ya miƙa takarda ya ce, "Baba, ga shi na zana daidai da ita." Dattijon ya duba ya ce, "Daidai da ita fa ka ce? Kai yaro, in tela ya yanka maka riga daidai da inuwarka, ta ina za ka sa ciki?"

Lissafin layin ɗinki

Mu tuna: santimita 1 milimita 10 ce.

A ce kaurin bindigar santimita 3 ne, wato milimita 30. Rabinsa milimita 15. A ce kaurin fatar milimita 3 ne. Mu haɗa: 15 da 3 sun zama 18. Saboda haka layin ɗinki zai kasance milimita 18 daga layin inuwa. Bayan layin ɗinki kuma sai a bar milimita 5 kafin layin yanka, don kada zare ya yage bakin fata. 18 da 5 sun zama 23.

Layuka uku ke nan a takardarka: na inuwa, na ɗinki, na yanka. Na ɗinki ka yi shi da ɗigo-ɗigo don kada ka rikita shi da na yanka.

Amma bindiga ba kauri ɗaya gare ta ba daga sama har ƙasa. Zoben da ya kewaye kunama, wato abin da yatsa yake ja a harba, ya fi jikin bindigar siranta. Idan ka ba shi milimita 18 kamar sauran, gidan zai yi sako-sako a wurin, bindiga ta riƙa rawa a ciki. A nan yankin fatar nan zai yi maka aiki. Ka naɗe shi a jikin bindigar, ka matse bakunansa biyu da yatsu a inda ɗinki zai zauna, ka yi alama da fensir a kowane gefe. Ka warware, ka auna tsakanin alamomin biyu, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne nisan daga layin ninki zuwa layin ɗinki a wannan wuri. Ka yi haka sau uku: kusa da hanci, a gaban zoben kunama, da kan zoben kansa. Idan lissafi da yankin fata suka saɓa, ni dai yankin fata nake bi, domin shi ya taɓa ƙarfen.

Bakin gida

Yanzu ka zana bakin da bindiga za ta shiga. Abu biyu za ka kiyaye, kuma suna ja da juna. Na farko, fata ta rufe kunama da zobenta gaba ɗaya, yadda yatsa ko bakin riga ko maɓalli ba zai iya shiga ya taɓa ta ba. Wannan ba ado ba ne, rai ne. Na biyu, mariƙi ya kasance a waje duka, yadda mai ita zai kama shi da yatsunsa ba tare da fata ta tokare shi ba. Ka sa mai aikin ya ɗora hannunsa a kan zanen, ka ga inda yatsansa na tsakiya ya sauka. Layin baki ya wuce ƙasa da wurin kaɗan.

A ƙasa kuma, fata ta zarce hancin bindiga da kamar milimita 5 zuwa 10. Wasu suna toshe ƙasan. Ni na fi son a bar shi a buɗe, saboda ƙurar hunturu da yashin garin nan. Abin da ya shiga ta sama ya samu hanyar fita.

Madauki

Ka auna faɗin ɗamarar da mutumin yake ɗaurawa a wurin aiki, ba wadda ya zo da ita ranar hutu ba. Ka ƙara milimita 3 ko 4. Madauki mai faɗi da yawa yana sa gida ya riƙa zamewa a ƙugu. Ka yanka masa takardarsa daban, ka yi alamar inda zai zauna a bayan gidan. Shi ake fara ɗinkawa tun fata tana a shimfiɗe. Idan ka riga ka rufe gidan, basilla ba za ta sami wurin shiga ba. Idan za a sa maɗauri mai maɓalli da zai riƙe bindigar ta sama, shi ma a fitar da takardarsa yanzu.

Dama da hagu

Ka sake ninka takardar, ka yanka a kan layin yanka, gefe biyu a lokaci ɗaya. Ka buɗe. Gefen da zai manne da jiki yakan fi tsawo a sama, don ya raba ƙarfe da gumi. Idan haka ake so, kada ka yanka bakin gida a ninke. Kowane gefe da nasa layi.

Da zarar gefen biyu sun bambanta, takarda ta zama mai fuska da baya. Ka naɗe ta a jikin katakonka, ka kai ƙugunka na dama, ka duba. Fuskar da take kallon waje ka rubuta mata DAMA da manyan baƙaƙe. Ka juya ka rubuta HAGU. Ga amfanin karatu a rumfa. Ni kaina, tun ban iya rubutu ba, na taɓa kifa takarda a kan kirgi mai kyau, na yanka, na ɗinka, sai da na gama na ga na yi wa na-dama gidan bahago. Wata biyu yana rataye kafin ya sami mai saye, shi ma da ragi. Ka tambayi mai aiki tun farko da wane hannu yake amfani.

Idan za ka zana a fuskar fata mai santsi, kalmar da kake so ta kalli sama. Idan a cikin fata za ka zana, wato gefen nama, kalmar ta kalli ƙasa.

Idan takarda ta zauna daidai, ka kwafe ta a kwali. Ka huda ramukan ɗinki da basilla, tazarar milimita 5 tsakanin rami da rami. Ka ƙirga su. Yawan ramukan gefe ɗaya ya zo daidai da na ɗayan. A jikin kwalin ka rubuta irin bindigar, kaurin fata, faɗin ɗamara, da kwanan wata.

Fatar da ta dace

Jar akuyar Maradi ta yi suna a duniya, kuma ta cancanta, amma ba ta wannan aiki ba ce. Ta yi laushi, ta yi siranta. A bar ta wa jaka da alabe, ko a yi shafi da ita a ciki. Gidan bindiga yana son kirgin sa mai kaurin milimita 3 zuwa 3 da rabi, wanda aka jeme da bagaruwa, irin jimar da majema suke yi a Gamkalle a bakin kogi. Irin wannan fata in an jiƙa ta tana ɗaukar siffar abin da aka sa mata, in ta bushe ta riƙe. Fatar masana'anta da aka jeme da sinadarin da ake kira gishirin kurom ba ta riƙe siffa haka, kuma tana iya ɓata ƙarfe in ya daɗe a ciki. Ka ɗora kwalinka a wajen gadon baya ko kafaɗa. Fatar wajen cikin dabbar tana miƙewa, bayan ƴan watanni gida ya saki.

Idan ka canza fata zuwa mai kauri ko mai siranta, awon ya canza. Sai ka koma ga lissafi.

Aikin gida

Kowa ya samo ƙaramar tocila ko guntun katako mai kauri. Ka fitar mata da takardar awo kamar yadda muka yi: ninki, mirginawa, layuka uku. Sannan ka amsa a littafinka. Abu mai kaurin milimita 24, fata mai kaurin milimita 3: milimita nawa ne daga layin inuwa zuwa layin ɗinki? Nawa ne zuwa layin yanka? Idan tsawon ɗinki santimita 15 ne, tazarar ramuka milimita 5, tazara nawa za a samu?

Ku zo da takardunku da almakashi ranar darasi na gaba, da guntun kirgi ga wanda yake da shi.