Darasi na 9: Kirifish ɗin da ke cikin miyarmu

Uwargida ta je kasuwa sayen kirifish na miyar kuɓewa, ta tarar gwangwanin da ta saba saye ya ƙara kuɗi, ta dawo gida tana cewa mai tebur ba ya tsoron Allah. Wataƙila haka ne. Amma kafin mu ɗora masa laifi, a darasin yau za mu bi wannan ɗan ƙwaro zuwa inda ya fito, mu kuma koyi lissafin da ake yi don sanin nawa ne rabon mutum ɗaya a ƙasa.

Karatu

Abin da muke kira kirifish ƙananan jatan lande ne. Danginsu ɗaya da ƙaguwa: ba su da ƙashi a ciki, ɓawo ne ya rufe su a waje. Suna zaune a inda kogi ke haɗuwa da teku, ruwan ya zama gishiri-gishiri. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma kirifish mai yawa daga gabashinta yake fitowa, wato jihohin Akwa Ibom da Kuros Riba. Garin Oron ya yi suna a wannan sana'a. Maza su fita da kwalekwale su kamo, mata su kyafe a kan wuta, a ɗura a buhu, mota ta ɗauko zuwa Kano da Kaduna da Jos. Ga mai tambaya, a mazhabar Malikiyya abincin teku halal ne, da kirifish da ƙaguwar.

Akwai kuma manyan jatan lande, waɗanda jiragen kamun kifi ke jawowa da taru daga cikin teku. Waɗannan ba kasafai suke shiga tukunyarmu ba. A cikin jirgi ake daskarar da su, a kai Turai a karɓo kuɗin waje. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani babban iri mai zane-zane a jiki, ɗan asalin tekunan Asiya, ya fara bayyana a tarun masuntan Najeriya, shi ma ya shiga kayan da ake fitarwa. Daga baya 'yan fashin teku suka matsa wa jiragen, har wasu kamfanoni suka ajiye nasu.

Abubuwa da dama sun taɓa ƙaramin kirifish. A 2002 Kotun Duniya ta ce yankin Bakassi na Kamaru ne, aka kammala miƙa shi a watan Agusta na 2008, kuma ruwan Bakassi na cikin inda masuntanmu suka fi samu. Sai malalar man fetur a Neja Delta, irin wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya bayyana a ƙasar Ogoni. Abin da ya fi damuna shi ne itatuwan bakin teku masu saiwa a cikin ruwa, da ake kira mangurof. A tsakanin saiwoyinsu ƙananan jatan lande ke fakewa har su girma. Mai na kashe su, ana sare su don itacen kyafe kifi, ga kuma wani irin kwakwa da aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906 yana cinye musu wuri. In babu kejin, ina kaza za ta yi renon 'yan tsaki?

Lissafi

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana ajiye lissafin abincin ƙasashe tun daga 1961. Hanyarta ba ta fi ƙarfin mai awon hatsi ba. A ɗauki abin da aka kama, a haɗa da wanda aka sayo daga waje, a cire wanda aka fitar da wanda bai shiga baki ba, a raba saura da yawan mutane. Abin da ya fito shi ne rabon mutum ɗaya a shekara.

Mu gwada da wani ƙauye na misali. A shekara guda masuntansa sun samu mudu 600. Sun sayar da 100 ga baƙi, sun sayo 40 daga maƙwabta. 600 a cire 100 a ƙara 40, saura 540. Gidaje 60 ne a ƙauyen, kowane gida ya tashi da mudu 9.

Bayan shekara ashirin an samu injin kwalekwale, kamu ya kai mudu 800. An sayar da 200, ba a sayo komai ba, saura 600. Amma gidaje sun zama 150. Ku raba da kanku. Mudu 4 ne. Kamu ya ƙaru, abin da ya rage a gari ma ya ƙaru, duk da haka tukunyar kowa ta ragu da fiye da rabi.

Ku riƙe wannan in kun ji an ce a rediyo abin da ake kamawa ya ƙaru. Tambayar ita ce, bakin nawa za a raba wa? Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum kusan miliyan 56. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 miliyan 140 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200. Gaɓar teku kuwa ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. Ƙara da kuɗin man kwalekwale da na mota daga Oron zuwa Kano, sai a ga inda kuɗin gwangwani ya hau.

Wani abin lura: masu lissafin FAO da nauyin ɗanye suke aunawa, kamar yadda ya fito daga ruwa. Busasshen da muke saye ya zubar da ruwansa, nauyinsa kaɗan ne. Kuma mai kwalekwale ɗaya a lungun kogi ba kullum ake rubuta abin da ya kamo ba.

A kasuwa

Tun da ya yi tsada, kada a sayi asara. Mai kyau yana da ƙamshi, ja-ja ne, yana ƙaras-ƙaras a hannu. In ya yi laushi ko yana warin danshi, a bar shi. A girgiza shi a tafin hannu a ga ko akwai yashi da gari a ƙasa. A gida a ƙara shanya shi, a tsince, a zuba a kwalba mai murfi. Gara a saye shi da jikinsa a daka da kai, don niƙaƙƙe ba a sanin abin da aka haɗa masa.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: ƙaguwa, gaɓa, ɓawo, ƙidaya.

Wani ƙauye ya kama mudu 900, ya sayar da 300, ya sayo 120. Gidajensa 90 ne. Mudu nawa ne rabon gida ɗaya?

Tambayi dattijuwar gidanku nawa take sayen gwangwanin kirifish lokacin aurenta, ku rubuta kusa da farashin yau, ku zo da shi ranar darasi na gaba.