Yadda Za Ka Rarrabe Banakul Masu Rayuwa a Jikin Ƙaguwa

Ɗalibin ilimin halittu a Sakkwato, wanda wataƙila bai taɓa ganin teku ba, yakan rikice idan aka zo batun Rhizocephala, wato rukunin banakul da ke rayuwa a cikin jikin ƙaguwa da danginta (banakul ƙananan halittun teku ne masu ɓawo, waɗanda aka fi sani da manne wa duwatsu). Hanya mafi sauƙi ita ce ka tuna da ƙuduji a gonar gero, wanda furensa ke sama, ɓarnarsa kuwa tana ƙasa, inda ya manne wa saiwa yana tsotsa. Sunan ma daga Girkanci ya fito, ma'anarsa kai mai saiwa.

Kada ka fara da halittar da ta gama girma, domin ba ta da ƙafa, ba baki, ba hanji. A jinsin Sacculina carcini, abin da ido zai gani 'yar jaka ce mai laushi a ƙarƙashin cikin ƙaguwa, daidai inda take ɗaukar ƙwanta, sauran jikin kuwa zare-zare ne da suka ratsa cikin jikin ƙaguwar. Ƙaguwar da ta kamu ta bar haihuwa ke nan, har namijin ma yakan koma lallaɓa jakar tamkar mace mai ƙwai.

Tsutsar ce shaida. Idan ka sami matakin tsutsa da ake kira saifiris, irin wanda banakul na jikin duwatsu ke da shi, to ka sanya halittar cikin Cirripedia, wato babban rukunin banakul, komai rashin kamanninta da su.

Daga nan sai ka duba yadda tsutsar ke shiga jiki. Tsohon tsari ya raba su gida biyu: Kentrogonida, waɗanda tsutsarsu kan rikiɗe ta fitar da tsinke ta huda ƙaguwa, da Akentrogonida, ƙaramin rukuni wanda saifiris ke hudawa da kanta ba tare da wannan rikiɗar ba. Lura kuma da irin halittar da suka shiga jikinta, domin dangin Chthamalophilidae 'yan uwansu banakul suke shiga.

A ganina, a nan aka fi faɗuwa jarrabawa. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2020 ya nuna Akentrogonida reshe ne a cikin ɗayan gidan, saboda haka aka soke rabon, aka bar dangi 13. Kafin ka rubuta amsa, duba shekarar littafin da ke hannunka, sannan ka ambaci tsarin da ka bi.