Shugabancin zama a taron masana: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Duk wanda aka ba shugabancin zama a taron ƙara wa juna sani, amanar lokaci aka damƙa masa, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa. A ce zaman minti 90 ne, masu maƙala biyar, kowa minti 15 da 3 na tambayoyi. Babban farfesa ya fara, ya ci 25, shugaban zama yana satar kallon agogo, nauyin tsayar da shi ya hana shi magana. Na biyu ya ga an yi wa na farko kara, shi ma ya miƙe ƙafa. Wa zai biya bashin? Na ƙarshe, wanda galibi ɗalibi ne da ya shafe watanni yana shiri. Na taɓa ganin wata ɗaliba tana tsallake hotunanta a majigi uku-uku, muryarta na rawa, mutane na ta sulalewa zuwa hutu. Ta koma ta zauna, babu wanda ya yi mata ko tambaya ɗaya. Har yau abin yana ci mini rai.

Maganin wannan tun kafin a zauna ake shan sa. Ka riga kowa isa zaure, ka gaisa da masu maƙala ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa musu ƙa'ida: za ka ɗaga kati idan saura minti 5, wani kuma idan saura 1, bayan nan za ka miƙe tsaye ka matso kusa. Wanda aka gaya wa tun farko ba ya ganin an ci masa fuska. A manyan tarukan ƙungiyar masana fiziks ta Amurka, minti 12 kacal ake ba mai gajeriyar maƙala, 10 na jawabi, 2 na tambaya, kuma a haka ake gabatar da dubban maƙalu. Tun kafin a fara zaman ne kuma za ka tambayi kowa yadda ake furta sunansa, a gwada makirufo, a ɗora fayilolin kowa a kwamfuta ɗaya.

Gabatarwa ba karanta tarihin rayuwa ba ce. Suna, cibiyar da yake aiki, taken maƙala, shi ke nan.

Idan wani bai zo ba, kada ka jawo na bayansa gaba, musamman in ana zama da yawa a lokaci guda. Akwai wanda ya duba jadawali, zai baro wani zaure da ƙarfe 11:20 don maƙala guda, ya tarar an gama. A bar gurbin, a cike shi da tattaunawa.

Sai lokacin tambayoyi, inda son kai ke shigowa ba a sani ba. Ido yakan fara sauka kan manyan da ke layin gaba. Wani bincike da aka buga a mujallar PLOS ONE a 2018, bayan lura da zaman ilimi kusan 250 a ƙasashe 10, ya nuna mata sun fi ƙarancin yin tambaya, kuma giɓin ya fi faɗi idan namiji ne ya yi ta farko. Don haka ka ɗan jira hannuwa su tashi, ka duba har bayan zaure kafin ka zaɓa. Wanda ya karɓi makirufo ya buɗe tasa laccar, ka ce masa cikin ladabi: “Malam, a taimaka mana da tambayar.” Ka maimaita ta da ƙarfi don na baya, ka kuma leƙa abin da masu bi ta Zoom suka rubuto.

Kai ma ka rubuta tambaya ɗaya a kan kowace maƙala, amma ka riƙe ta. In zaure ya yi tsit, mai maƙala ya tsaya yana rarraba ido, lokacinta ke nan.